Barkonon tsohuwa da harsashin roba ma suna kisa: yaushe ne ya halatta jami'i ya harbi mutum?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024 nake jin wata magana a bakin mutane, har da masu ilimin cikinmu, wai da an wadata jami'an tsaro da barkonon tsohuwa da harsashin roba, da ba a rasa rai ko ɗaya ba. Na san da kyakkyawar niyya ake faɗa. Ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a Kano, Jigawa, Katsina, Kaduna, Neja da Borno a kwanakin nan, rundunar 'yan sanda kuma ta musanta. Duk wanda ya ji haka zai ce gara roba da dalma, ni ma na yarda gara roba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda muka ɗauki kayan nan kamar ba makamai ba ne.

Harsashin roba ba irin robar silifa ba ce. Wani ƙarfe ne a ciki aka lulluɓe, wani kuma dunƙulen roba ne mai tauri, kuma daga bakin bindiga yake fitowa. A Ireland ta Arewa jami'an Birtaniya sun fara amfani da shi a 1970. Kafin ƙarshen 1989 shi da na filastik da ya gaje shi sun kashe mutum 17, takwas daga ciki yara ne. A 2017 wasu likitoci sun tattara rahotannin mutum 1,984 da irin waɗannan harsasai suka samu a ƙasashe daban-daban: 53 sun mutu, 300 sun nakasa har abada, yawanci ido suka rasa. A ƙasar Chile, zanga-zangar 2019 kaɗai ta bar sama da mutum 400 da rauni a ido.

Ni matsayina, jami'in da aka gaya wa cewa abin da ke hannunsa ba ya kisa, hannunsa zai yi saurin ɗana kunama, ya harba kusa, ya harba fuska, ya harba cikin taron da babu wanda ya ɗaga ko tsinke. Harsashin gaske kuwa ban ga abin da zai halatta shi ba sai abu ɗaya: ran wani na cikin haɗari a daidai wannan lokacin, kuma babu wata hanyar tsare shi. Mai ja ya zo mu tattauna.

Alhaji Na-Kasuwa:
Wa alaikumus salam. Abban Sadiq, ni ina ja. Wanda bai taɓa tsayawa yana kallo ana kwasar dukiyarsa ba shi zai yi wannan lissafin. A gabana aka ɓalle ƙofar sito, yara ƙanana suna fita da buhun shinkafa a ka, wani da jarkar mai biyu, wani har fankar sama ya kwance. Kayan nan rabi bashi ne, har yau ina biya. Ba ni kaɗai ba, kowa ya ga abin da aka yi wa cibiyar fasahar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a Kano ranar 1 ga Agusta, wurin da ba a ma kai ga buɗe shi ba. To jami'i ya tsaya yana jiran sai an ɗaga wa wani wuƙa? Da an harbi biyu a farko da sauran sun watse.

Barista:
Alhaji, Allah ya mayar da alheri. In dai a takarda ne, tsarin mulkinmu ya fi kusa da maganarka. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya ce kowa na da 'yancin rayuwa, amma ƙaramin sashe na 2 ya buɗe ƙofa uku: kare mutum daga farmaki ko kare dukiya, kama mai laifi ko hana tsararre gudu, da murƙushe tarzoma ko tawaye ko bore. Sharaɗin kawai shi ne ƙarfin ya zama gwargwadon buƙata, kuma doka ta yarda da shi.

Wannan faɗin shi ya daɗe yana cutar da mu. Tsohon umarnin rundunar 'yan sanda mai lamba 237 ya ba jami'i damar harbin wanda ake zargi da babban laifi idan ya sheƙa da gudu. Shekara da shekaru, duk gawar da aka kawo sai a ce ɗan fashi ne ya yi ƙoƙarin tserewa. Ku tuna matasa shida na Apo da aka kashe a Abuja a watan Yunin 2005 aka ce 'yan fashi ne, alhali biyar 'yan kasuwa ne, ta shidan budurwa ce da ke tare da su. Sai a 2017 kotu ta yanke wa jami'ai biyu hukuncin kisa. A 2019, zamanin Sufeto Janar Mohammed Adamu, aka sake fasalin umarnin ya koma kusa da ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Havana a 1990: ba a harbi sai don kare kai ko wani daga mutuwa ko mummunan rauni da ke gab da faruwa, kuma ba a nufin kashewa sai in babu makawa don tsare rai. Buhun shinkafa bai shiga nan ba, Alhaji, komai zafinsa.

Alhaji Na-Kasuwa:
Wato dukiyata ba ta da mai karewa kenan.

Barista:
Tana da shi. A tare hanya, a kama, a ɗauki hoto, a bi gida a karɓo kaya, kamar yadda aka yi daga baya aka kuma samo da yawa. Idan masu wawaso suka zo da fetur za su cinna wa sito wuta da maigadi a ciki, magana ta canza nan take, domin yanzu rai ake karewa.

Baba Mai Ritaya:
Yarana, ku bari wanda ya taɓa tsayawa a gaban taro da kaki a jikinsa ya sa baki. Na yi aikin nan har na ajiye, kuma akwai abin da ba a gani a bidiyo. Ku goma ne ko sha biyu, gabanku mutum ba iyaka. Na gaba suna waƙa, na baya suna jifa, kuma dutse ba ya tambayar muƙami. Ka ga abokin aikinka ya dafe goshi jini na bin yatsunsa. Idan babu garkuwa, babu hular kwano, bindigar tiyagas ɗaya ce da 'yan gwangwanaye, abin da ya rage a kafaɗarka AK-47 ce. Tsoro kuwa shi ne mafi sharrin kwamanda.

Kada ku manta mu ma ana kashe mu. Ranar 22 ga Yulin 2019 a Abuja, Mataimakin Kwamishina Usman Umar ya fita lallashin masu zanga-zanga, harsashi ya same shi ya rasu. A ranar ne kuma aka rasa ɗan bautar ƙasan nan na gidan talabijin na Channels, Precious Owolabi. Bayan EndSARS a 2020 Sufeto Janar ya ce an kashe jami'ai 22. Kuma wanda ya zare barandami ya nufo ka daga taku bakwai, kafin ka ƙirga biyu ya iso. A irin wannan ba zan ce wa yaro ya tsaya neman kulki ba.

Amma inda na yarda da Abban Sadiq ɗari bisa ɗari: wanda ya juya baya yana gudu ba a harbinsa. Bayan mutum ba ya barazana ga kowa. Tiyagas ma yana da ƙa'ida da aka koya mana. Ka duba inda iska ke kaɗawa. Ka yi shela da lasifika, ka ba mutane lokaci. Ka ɗaga bakin bindiga gwangwanin ya yi baka ya faɗi a gefen taro, ba ka saita shi a ƙirjin mutum ba. Sama da komai, ka bar musu hanyar fita. Wanda ya toshe lungu gaba da baya sannan ya jefa hayaƙi, ba tarwatsa taro yake yi ba.

Ɗan Nima:
Baba, Allah ya ƙara girma, wannan maganar hanyar fita ta taɓa ni. Mu a Accra ba za mu manta 9 ga Mayun 2001 ba. Wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko ne, 'yan kallo suka fusata suna ɓalle kujeru suna jifa cikin fili, 'yan sanda suka harba hayaƙi cikin rumfa. Mutane suka ruga matakala, ƙofofi a rufe. Sama da mutum 120 suka mutu, yawancinsu numfashi ne ya ƙare musu a turmutsutsu, kuma zangonmu na cikin unguwannin da suka fi yin jana'iza. An gurfanar da manyan jami'ai shida, kotu ta sallame su. Shekara 21 bayan nan aka maimaita abin a Malang ta Indonesiya, ranar 1 ga Oktoban 2022, mutum 135, alhali dokar FIFA ta hana shiga filin wasa da wannan hayaƙi. 

Maman Ilham:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, a sashen gaggawa nake. Bari in faɗi abin da idona ya gani, ba zan ambaci gari ko asibiti ba. An taɓa kawo mana matashi a a-daidaita-sahu, abokansa suna ta cewa ai ba harsashi ba ne, gwangwani ne kawai. A gefen kai ya same shi, sama da kunne kaɗan, inda ƙashin ya fi sirantaka. Fatar wurin ta ƙone zagaye, gashin ya babbake, ka taɓa ka ji ƙashin ya lotsa. Yana magana lokacin da suka shigo, har yana tambayar wayarsa. Kafin a gama shirin hoton kai ya fara amai, ƙwayar idonsa ɗaya ta buɗe ta ƙi komawa. Jini ne ke taruwa a cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa. Irin wannan in ba a buɗe kan da wuri ba sai dai haƙuri, kuma asibitoci nawa ne a Arewa ke da likitan da zai buɗe a daren?

Hayaƙin kansa, ga mai lafiya a fili, yawanci cikin rabin awa ya sake shi. Amma ba haka yake ga jariri, da mai asma, da tsoho mai ciwon zuciya ba. Gidajenmu na cikin gari a cushe suke, gwangwani ɗaya ya faɗa tsakar gida sai hayaƙin ya shige ɗaki ya zauna. A Masar, watan Agustan 2013, an jefa shi cikin motar fursunoni a rufe a Abu Zaabal, mutum 37 suka mutu a ciki.

Don Allah iyaye ku gaya wa yara su daina shafa kananzir a fuska wai maganin tiyagas ne. Yana ƙone fata, kuma gwangwanin da zafi yake fitowa, wuta na iya kamawa. A bar wurin, a nufi inda iska ke fitowa, kada a murza ido, a wanke da ruwa mai yawa, a cire rigar a ƙulle a leda.

Ɗan Fagge:
Anti, Allah ya saka. Ni tambayata ga Baba ce. Ko da mutum ya zo da makami, me ya sa ba za a harbe shi a ƙafa ba? Kuma ina amfanin harbin gargaɗi in dai shi ma kisa yake? A Samarun Zariya ranar 6 ga Agustan 2024 yaro ɗan shekara 16 ya mutu, rundunar soji da kanta ta ce sojanta harbin gargaɗi ya yi. Wane irin gargaɗi ne wannan?

Baba Mai Ritaya:
Ɗana, ƙafar mai gudu ba ta tsayawa a saita ta. Ka nufi gwiwa, harsashi ya wuce ya daki kwalta ya tashi ya sami mai tallar gyaɗa a tsallaken titi. Shi ya sa nake cewa duk wanda ya ɗana kunama ya ƙaddara kisa zai yi. In yanayin bai kai na kisa ba, to bai kai na harbi ba, ko a ƙafa ko a sama. Wanda aka harba sama ma dole ya sauko, kuma a unguwa mai cunkoso kan wani zai sauka ko kwanon ɗakin wani. Ga wani abu: da zarar ɗaya ya harba sama, na gefensa bai san daga ina ƙarar ta fito ba, sai shi ma ya buɗe wuta.

Maman Ilham:
Ƙari a kan na Baba, akwai babbar jijiyar jini a cinya. In harsashi ya tsinka ta, cikin 'yan mintoci mutum zai zubar da jininsa ya mutu kafin a samo abin hawa. Wanda ya tsira ma sau da yawa da ƙafa ɗaya yake komawa gida.

Abban Sadiq:
Akwai masu cewa mafita ita ce bindigar lantarki, Taser. Na tuna a 2019, bayan ɗan sanda ya harbe wani matashi, Kolade Johnson, a Legas, an yi ta maganar za a raba wa 'yan sanda irinta. A Amurka inda ta fi yawa, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ƙirga sama da mutum dubu da suka mutu bayan an jona musu ita. Ba duka aka tabbatar ita ce sanadi ba, amma lambar ta isa a tsaya a yi tunani. A Minnesota kuma, Afrilun 2021, jami'a mai shekara 26 a bakin aiki ta zaro bindigar gaske tana zaton Taser ce ta kashe Daunte Wright. Ni fargabata a nan gida daban ce: na'urar da ke azabtarwa ba ta barin tabo sosai, a ɗakin tambayoyi za ta ƙare.

Malam Na-Zaure:
Bismillah. Na karanta duka, kuma abin da ya faɗo mini shi ne hadisin Abdullahi ɗan Mugaffal da ke cikin Bukhari da Muslim. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana harbi da tsakuwa tsakanin yatsu, ya ce ba ta kashe abin farauta, ba ta karya maƙiyi, amma tana karya haƙori tana tsiyaye ido. Tsakuwa kenan, ina ga abin da bindiga ta tura? Shari'a ba ta ɗauki ido da wasa ba. Diyyar ido ɗaya rabin diyyar rai ce, raƙuma hamsin, haƙori kuma raƙuma biyar.

Game da kisa da abin da bisa al'ada ba ya kisa, kamar sanda ko bulala, mafi yawan malamai sun ce mai kama da ganganci ne, diyya mai nauyi ta hau, raƙuma ɗari, arba'in daga ciki masu ciki. A mashhurin mazhabar Malikiyya da muke bi kuwa, wanda ya doki mutum da gangan bisa zalunci ya mutu, kisan ganganci ne ko da sanda ya yi. Hukunta wani jami'i takamaimai aikin alƙali ne bayan bincike, ba na zaure ba. Amma babu malamin da ya ce don makamin ƙarami ne jinin ya tafi a banza.

Alhaji Na-Kasuwa:
Allah ya gafarta Malam, to hadisin da ya ce wanda aka kashe yana kare dukiyarsa shahidi ne fa? Ai har wani ya tambaya, in na kashe shi fa, aka ce yana wuta.

Malam Na-Zaure:
Hadisin ingantacce ne, Alhaji, yana cikin Muslim daga Abu Huraira. Amma bi jerin tambayoyin. In ya zo karɓar dukiyata? Kada ka ba shi. In ya yaƙe ni fa? Ka yaƙe shi. Maganar kisa ba ta zo ba sai bayan ɓarawon ya koma mayaƙi. Daga nan malamai suka fitar da ƙa'idar tunkuɗe ɗan ta'adda da mafi sauƙi sannan mai bi masa. Wanda tsawa za ta kora ba a dukansa, wanda sanda za ta tsayar ba a sa masa takobi. Malamanmu ma sun so a fara yi masa magiya da Allah idan da hali. Yaro ɗan shekara goma sha uku da buhu a ka, ba makami, tsawa da kamu sun ishe shi. Haƙƙinka kuwa yana wuyansa da wuyan wanda ya zuga shi, har gaban Allah.

Alhaji Na-Kasuwa:
Na ji, Malam. Zuciyata ba ta huce ba, amma ba zan so a ce an kashe ɗan wani a ƙofar sitona ba. Abin da nake nema a zo da wuri, kafin a ɓalle ƙofar.

Ɗan Fagge:
To duk wannan ƙa'idar, wa ke bin diddigi? Mu a unguwa in abu ya faru, kafin la'asar an yi jana'iza, iyaye su ce sun bar wa Allah, shikenan.

Baba Mai Ritaya:
A ƙa'ida kowane harsashi a ƙirge yake. Ka sa hannu a littafin ma'ajiyar makamai lokacin karɓa, ka sa hannu lokacin mayarwa, in ɗaya ya ragu ka rubuta inda ya tafi da dalili. Ina so a riƙa ƙirga gwangwanin tiyagas da harsashin roba haka, a kuma rubuta sunan wanda ya ba da umarni. Jami'in da ya san zai zauna ya yi bayanin kowane gwangwani, zai duba iska kafin ya harba.

Barista:
Ɗan Fagge, nan ne shari'o'i da yawa ke mutuwa. Ba gawa, ba rahoton likita, ba hoto, lauya ya shiga kotu hannu rabbana. Ana iya kai ƙara babbar kotu a kan tauye haƙƙin rayuwa, ana iya kai koke Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ko Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, amma duka hujja suke nema. Malam, ko jinkirta jana'iza na 'yan awoyi don likita ya duba ya rubuta ya halatta?

Malam Na-Zaure:
Gaggauta jana'iza sunna ce, amma jinkiri don buƙata ta gaskiya ya halatta matuƙar ba a ji tsoron gawar za ta canza ba, kuma tabbatar da haƙƙin jini buƙata ce babba. Yafiya haƙƙin magada ne, su yafe bayan sun san abin da ya faru, ba don an tsorata su ba. In akwai marayu ƙanana a cikin magadan, babu mai ikon zubar da rabonsu na diyya haka kawai.

Maman Ilham:
Wanda bai mutu ba kuma, don Allah kada a ɓoye shi a gida ana kiran mai kemis saboda tsoron kamu. Tun 2017 akwai dokar da ta tilasta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin harbi ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A danne wurin da tsumma mai tsabta a kawo shi. Wanda gwangwani ko roba ta sama a kai, ko da yana tafiya da ƙafarsa yana hira, a kawo shi a ranar. Ku ɗauki hoton raunin kafin a ɗinke, ku nemi a rubuta lokacin isowa da abin da ya same shi a kati, ku riƙe lambar katin. In kun tsinci gwangwanin bayan ya huce, ku sa a leda ku adana, yawanci akwai lamba da kwanan wata a jikinsa.